Fatar gasasshen alade mai garas-garas: inda aka tsaya

Na tattaro abin da aka faɗa kan yadda ake sa fatar alade ta yi garas-garas, galibi daga masu aikin kicin a otal-otal na ƙasashen waje.

1. Baki ya zo ɗaya cewa danshi ne ke ɓata fata. A shafa gishiri, ta kwana a firij ba rufi.
2. A kudancin Sin, masu siu yuk, wato gasasshen naman alade irin nasu, suna huhhuda fatar da tsinke, amma kada ya kai tsoka. In ya kai, ruwan nama ya fito, shi ke nan.
3. Lechon kawali, wani girkin naman alade na Filifin, kuwa dafawa ake yi, ya bushe, sannan a soya. Man yana fantsama, a yi hattara.
4. Kan wuta aka rabu. Wasu da mai zafi suke farawa, wasu sai a ƙarshe. Ni dai na fi gamsuwa da na biyun.
5. Waɗanda ba sa cin alade sun ce busarwar tana aiki a fatar agwagwa da kaza.