Jirgin saman da ake kawowa a akwatuna, wane suna za mu raɗa masa?

Jama'a, ku taya ni da wata kalma. Ina rubutu a kan ƙananan jiragen sama da mutum ke sayen sassansu ya haɗa a garejinsa, waɗanda Turawa ke ce wa kit aircraft ko homebuilt, sai alƙalami ya cije.

Ga yadda abin yake. Kamfani irin Van's Aircraft da ke jihar Oregon a Amurka, wanda Richard VanGrunsven ya kafa, ba ya sayar da gamammen jirgi ga irin waɗannan mutane. Akwatuna yake aikowa kashi-kashi: na jela da farko, sai fukafukai, sai gangar jiki, sannan kayan ƙarashe. A ciki akwai fallayen alminiyam da aka yanka, da buhunan ƙusoshin ribit dubbai, da zanen aiki. Mutum zai shekara biyu, wani biyar, wani goma, yana huda yana gogewa yana matsewa. Jiragen RV na wannan kamfani da suka tashi sun haura 10,000, kenan ba wasan yara ba ne.

Abin da ya fara zuwa bakina shi ne "jirgi ƙirar gida". Na yi saurin janye shi. Kunnen Bahaushe in ya ji ƙirar gida, bindiga yake tunawa, ko wani abu da aka ƙwanƙwasa da dabara babu awo. Alhali wannan jirgi injiniyoyi ne suka zana shi, injinsa ma sau da yawa ƙirar kamfanin Lycoming ne ko na Rotax.

Wani ɗan'uwa makanike ya ce mini, Malam, ai kalmar na nan, harhaɗawa, yadda ake cewa kamfanin harhaɗa motoci. Gaskiya ya kawo ta kusa. Inda na ɗan ja da shi shi ne dokar FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, wadda masu abin ke kira dokar kashi 51. Sai mai jirgin ya yi fiye da rabin aikin da hannunsa, don neman ilimi ko nishaɗi, kuma ba ɗaure noti kaɗai ake nufi ba, har da sarrafa wasu sassan. Saboda haka ake ajiye kundin aiki da hotuna, a nuna wa mai duba jirgin. Abin da ya fi ba ni mamaki, a takardar rajista sunan wanda ya haɗa shi ne ke zama a gurbin maƙeri, ba na kamfanin da ya aiko akwatunan ba. Harhaɗawa zalla ta rage masa daraja, ta kuma rage masa alhaki.

To sai na koma ga yadda harshenmu ke raɗa suna da umarni: a-kori-kura, fasa-ƙwauri, bar-ni-da-mugu. A wannan ma'auni na ce "jirgin haɗa-da-kanka". Yana da daɗin faɗa, kuma nauyin yana kan "kanka", inda ya kamata ya kasance. Don alhakin ba ya ƙarewa ranar da jirgi ya tashi. A Amurka sabon jirgin yakan yi awa 25 ko 40 na gwaji a yankin da aka keɓe masa, gwargwadon irin injin da farfelar da aka sa. Bayan nan wanda ya haɗa shi na iya neman takardar izinin yi masa binciken shekara-shekara da kansa, kuma izinin na wannan jirgi ɗaya ne tak. Shi ya san wace ƙusa ya cire ya sake saboda ta kwanta a karkace.

Ita kuwa kit ɗin kanta, wato akwatunan kafin su zama jirgi, "ƙunshin sassa" ta wadatar. Ban ga abin gardama a nan ba.

Inda na fi jin tsoro shi ne kalmar da doka ta sa a rubuta da manyan baƙaƙe kusa da ƙofar shiga, EXPERIMENTAL. In muka ce "jirgin gwaji", mai karatu zai ɗauka ba a gama shi ba, ko ana jiran a ga zai faɗo ne. Sunan aji ne kawai na rajista. Jirgi zai yi shekara talatin yana zuwa taron jiragen sama na garin Oshkosh, na ƙungiyar masu haɗa jirage ta EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, yana nan a wannan aji, ba a dai ɗaukar fasinja da shi don kuɗi. Na fi son "ajin gwaji", a bar jirgin da sunansa.

Saura guda ɗaya da ta gagare ni. Akwai ɗan maƙalin wucin gadi mai sifirin a ciki, cleco, da ake cusawa a rami da filaya ta musamman ya riƙe falle biyu kafin a buga ribit. In ka ga fiffike a tsakiyar aiki, sun tsaya a kansa reras kamar ƙayar bushiya. Makaniken nan ya ce "kiliko" kawai za a ce, haka baki zai mayar da shi ko mun so ko mun ƙi. Ni "riƙe-mini" ta zo mini. Yayyena masu aikin ƙarfe, wacce za ku iya kira wa yaron shago ya miƙo ba tare da ya tsaya kallonku ba?