Dutsen Parasnath na mabiya Jain ne su kaɗai?

Malam Bala: Jama'a, ni ina nan kan bakana. Gwamnatin Indiya ta yi daidai da ta dakatar da harkar yawon buɗe ido a Dutsen Parasnath a Janairun 2023, ta kuma hana sayar da nama da giya a wurin. Mabiya addinin Jain sun yi imani cewa 20 daga cikin manyan jagororinsu 24, waɗanda suke kira Tirtankara, a kan dutsen nan ransu ya kuɓuta daga sake haihuwa. Ba su da wurin da ya kai shi daraja. Nasu ne, a bar musu abinsu.

Abba: Malam, a wane yanki yake?

Malam Bala: Gundumar Giridih, jihar Jharkhand, kuma shi ne dutse mafi tsawo a jihar. Mabiya Jain Sammed Shikharji suke ce masa. Masu ziyara kan tashi daga garin Madhuban tun kafin asuba, da yawansu ba takalmi, su yi tafiyar kilomita kusan 27, hawa da zagaye da sauka. A can sama ba gumaka ne suka fi yawa ba, ƙananan ɗakunan ibada ne masu ɗauke da alamar sawun ƙafa. Mutanen da ke tace ruwa don kada su halaka ƙwaro, a zo a kafa musu tukubar nama a bakin hanya?

Hajiya Rabi: Malam Bala, Allah ya gafarta, ka faɗi rabi ka bar rabi. Ina ka ajiye 'yan ƙabilar Santal? Su Marang Buru suke kiran dutsen, a nan babban abin bautarsu yake, ƙauyukansu kuma a gindinsa suke. Ibadarsu da yanka take tafiya, kuma kowace shekara a watan Baisakh na kalandar Indiya suna fita farautar gargajiya ta Sendra a dajin. Dokar da ka yaba ita ce ta fito da su kan titi suna zanga-zanga a wannan watan na Janairu.

Malam Bala: Hajiya, farauta al'ada ce, ba addini ba.

Hajiya Rabi: Wa ya yanke hakan? Su dai a wajensu ibada ce. Tun zamanin mulkin Ingila aka kai maganar kotu, aka tabbatar musu da haƙƙin farautar.

Abba: To ai mu ma ba a farauta a haramin Makka, kuma babu mai cewa an zalunci maharba.

Zainab: Yaya Abba, misalin bai hau ba. Can al'umma ɗaya ce da dokarta. Nan addinai biyu ne a kan dutse ɗaya, abin da yake lada a wajen wannan shi ne babban zunubi a wajen wancan. Kuma mu duba wanda muryarsa ta fi kaiwa Delhi. Mabiya Jain ba su wuce kashi 0.4 cikin ɗari na mutanen Indiya ba a ƙidayar 2011, amma akwai 'yan kasuwa da masu ilimi sosai a cikinsu. Da suka fito a Delhi da Mumbai, ba a ɗauki lokaci ba gwamnati ta janye. Santal kuwa manoma ne, kuma mutanen yankin ne ke ɗaukar tsofaffin masu ziyara a kafaɗa, a cikin kujerar da ake kira doli, har ƙololuwa.

Malam Bala: 'Yata, kada ki mayar da shi zancen kuɗi. Wani malamin Jain, Sugyeyasagar, ya daina cin abinci saboda wannan magana har ya rasu a Jaipur ranar 3 ga Janairu, 2023. Mai neman riba ba ya yin haka.

Zainab: Ban musanta gaskiyar imaninsu ba, Malam. Kalmar "su kaɗai" ce ban yarda da ita ba. Su kansu ɗariƙunsu biyu, Digambara da Shwetambara, sun daɗe suna shari'a kan wanda zai kula da wurin.

Hajiya Rabi: Abin da aka manta shi ne mafarin rigimar. A 2019 hukumomi ne suka sanya dutsen cikin wuraren yawon buɗe ido, ba Santal ba. Kafin nan Jain da Santal sun yi ɗaruruwan shekaru suna zaune tare, da daɗi ba daɗi. Da aka tashi gyara sai aka saurari ɓangare ɗaya.

Abba: To a raba mana: hanyar ziyara da ɗakunan ibada ba nama ba giya, dajin da ƙauyuka kuma a bar wa Santal.

Malam Bala: A wajen mai bin Jain dutsen gaba ɗayansa ne mai tsarki, ba hanyar kawai ba. Jinin da aka zubar a bayan dutsen ma a kansa aka zubar.

Hajiya Rabi: Haka Santal ma za su ce gaba ɗayansa Marang Buru ne. Sai ka gaya mana ƙauyen da za a fara tasa, Malam.