Waya ko takarda: wa zai mayar da baƙo masauki?

Alhaji Mai Shadda: Salamu alaikum jama'a. Ku raba ni da autana. Zai tafi Guangzhou a ƙasar Sin karon farko, baje kolin watan Oktoba. Na buɗe akwati na ɗauko masa taswirar garin da na yi shekaru ina yawo da ita, sai yaro ya kwashe da dariya, wai taswirar takarda ta mutu, wai mai waya a hannu ba ya ɓata a ko'ina a duniya. Ni kuma na ce ƙarya ne. Ku faɗi gaskiya tsakani da Allah.

Auta: Baba, ban ce ƙarya kake ba. Na ce zamani ya wuce ta ne kawai.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Alhaji, ranka ya daɗe, ta wace shekara ce taswirar?

Alhaji Mai Shadda: 2008. Garin ai bai tashi daga inda yake ba.

Injiniya: To a nan gizo ke saƙa. A 2008 layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa huɗu ne kacal a Guangzhou, yau sun haura 15. Layi na 5 da ya ratsa Xiaobei, unguwar da mutanenmu suka fi sauka, sai ƙarshen 2009 aka buɗe shi. Wato tashar da Auta zai riƙa hawa kullum ba ta ma cikin takardar da ka ba shi. Takarda ranar da aka buga ta ta fara tsufa. Kuma ba za ta taɓa ce maka “ga ka nan” ba, alhali wanda ya ɓata abin da yake nema ke nan.

Alhaji Mai Shadda: Idan data ta ƙare fa? Ko layin ya ƙi hawa a can?

Injiniya: Wannan kuskure ne da mutane da yawa ke yi. Ɗigon nan shuɗi da ke nuna inda kake ba da data yake aiki ba. Wayar sauraro kawai take yi daga taurarin ɗan'adam da ke sama da nisan kilomita dubu 20, idan ta kamo huɗu ta lissafa inda take. Data aikinta sauko da hoton titunan ne. In ka sauke taswirar garin tun kana gida, ko an cire layi tana nuna ka. Akwai manhajoji irin su Organic Maps da aka yi su musamman don aiki ba intanet. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ke nan.

Hajiya Maman Ummi: Injiniya, faɗi duka mana. Google a toshe yake a ƙasar Sin. Sannan dokarsu ta sa ana karkatar da lissafin wuri a taswira, shi ya sa manhajar waje kan ajiye mutum mita ɗaruruwa daga inda yake tsaye. Ni da kaina na tsaya bakin titi da buhun kaya biyu, waya tana rantse min ina cikin wani ginin da ke tsallaken gada.

Injiniya: Gaskiya ne Hajiya, na yarda. A can sai manhajojin taswira na ƙasar, Amap ko Baidu, ko taswirar da ke zuwa da iPhone, don ita da bayanan Amap take aiki a Sin. Amma maganin matsalar waya ai wata manhaja ce, ba komawa takardar 2008 ba.

Hajiya Maman Ummi: Ni fa ba na bayan kowa a cikinku. Mu daina yaudarar kanmu. A nan wurin mutum nawa ne suka taɓa shimfiɗa taswira suka karanta? A gida da kwatance muka tashi: ka wuce gidan mai, ka sha kwana ta wajen mai shayi, gida mai jan ƙyaure kusa da darbejiya. Alhaji ma, Allah ya ja da ranka, na san ba layukan taswirar kake bi ba, alamomin da ka yi da biro kake bi. Abin da ya fi cece ni a tafiye-tafiyena katin otal ne. Ina isa nake ɗaukar uku a teburin karɓar baƙi: ɗaya a jaka, ɗaya a bayan waya cikin rigarta, ɗaya na ƙulle a bakin mayafi. Da rubutun mutanen garin yake, na miƙa wa ɗan tasi ba sai mun yi maganar kurame ba. A Dubai kuma kowane gini yana da lambar Makani, lambobi 10 a jikin ƙaramin allo bakin ƙofa. Ita nake rubutawa a takarda.

Auta: To Umma, lambar Makanin ai a waya ake sa ta kafin ta nuna wurin.

Hajiya Maman Ummi: A wayar ɗan tasi, ɗana. Tawa in ta ga dama ta mutu.

Malam Mai Bita: Ku ba ni dama. Ni inda na sani Makka ne, kuma wanda ya ce mai waya ba ya ɓata bai kwana a Mina ba. Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51 da ɗoriya a Harami, hukumomin Saudiyya suka ce mutum fiye da 1,300 sun rasu, Allah ya jiƙansu. A irin wannan rana waya ta kan rubuta maka cewa ta yi zafi ta ɗauke wuta, ko cajinta a cike yake. Ga mutum sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas a kwari guda, kowa na neman sabis. Ga tantuna farare iri ɗaya iya ganinka. Wani alhajinmu matashi, ɗan boko, ya fito jifa da safe yana taƙama ya ajiye alamar tantinmu a waya. Bayan la'asar aka dawo mana da shi, leɓe ya bushe, takalmi ɗaya a ƙafa. Wayar ta mutu tun a Jamra, shi kuma da za a yanka shi bai san lambar tantin ba, don bai taɓa ɗaga kai ya karanta allon ba. Wata gwaggo daga ƙauye da ba ta san bihim ba ta riga shi dawowa da awa shida. Tutar kore-fari-kore ta bi, ta kuma riƙe cewa akwai gada a hagunta wajen tafiya.

Injiniya: Malam, wannan ai ba takarda ce ta dawo da gwaggo ba.

Malam Mai Bita: Ba waya ba ce kuma. Shi ya sa a bita nake cewa kowa ya haddace lambar ƙofar da ya shiga Harami. Ƙofar Sarki Abdul'aziz lamba 1, ta Sarki Fahad lamba 79. Mutum ya gama ɗawafi kansa ya juye, ya fita ta wata ƙofa daban, sai ya ga kamar an sauya garin. Hasumiyar agogo mita 601 ce, daga nesa ana hango ta, amma dole ka san ta wane gefenta masaukinka yake. Sannan katin Nusuk, katin shaidar alhaji, kada ya bar wuyanka.

Dakta na Landan: Na shigo a makare, na karanta duka. Bari in ba kowa haushi. Takarda ma tana yaudara. Taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Landan, wadda Harry Beck ya zana aka fara rabawa a 1933, da gangan ba ta bin ainihin nisa, jerin tashoshi kawai take nunawa. Baƙi sukan sauka ƙasa su biya kuɗi daga Leicester Square zuwa Covent Garden, tafiyar da ba ta kai mita 300 ba. Da ƙafa minti huɗu ne. Amma Injiniya, kai ma ga naka. Taswirar Google da ka sauke, in ba intanet, hanyar mota kaɗai take tsara maka, ba ta ƙafa ba, ba ta bas ko jirgi ba, kuma baƙo da su yake yawo. Sannan a nan tsayawa bakin titi da waya a hannu kiran ɓarayi ne, kan keke mai lantarki suke zuwa su fizge. Lokaci guda ka rasa taswira da tikiti da lambar wanda za ka kira.

Injiniya: Mai shimfiɗa takarda kamar tabarma a tsakiyar titi fa? Shi ai shela yake yi cewa ni baƙo ne.

Dakta na Landan: Amma ba mai fizge ta. Abin da ya fi damuna ma daban ne. Shekarata uku ina bin kibiya zuwa wurin aiki, ranar da na manta waya a gida na kasa gane hanyar da na bi sau ɗaruruwa. Direbobin baƙar tasi na nan kuwa shekara uku zuwa huɗu suke yi suna haddace tituna kusan dubu 25 kafin a ba su lasin. A 2000 wata mai bincike, Eleanor Maguire, ta auna ƙwaƙwalensu ta ga sashen da ke riƙe wurare ya fi na sauran mutane girma ta baya. Takarda tana tilasta maka ka ga garin gaba ɗaya: kogi a kudu, tasha a arewa. Waya taku biyar na gabanka take nuna maka.

Hajiya Maman Ummi: A babbar kasuwar Istanbul ma haka, mai rufi ce, lunguna sun fi 60, shaguna wajen dubu huɗu. Ɗigon sai ya yi ta tsalle kamar fara. Sunan ƙofa nake riƙewa, Beyazit, don ta nan taragon zuwa unguwar Laleli yake. In na rikice in tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Auta: Matambayi da wane yare, Umma? A Sin wayar ce za ta yi min tafinta. Da ita zan biya kuɗin abinci da na mota ma, kusan komai da manhajar Alipay ko WeChat ake biya.

Alhaji Mai Shadda: Ka ji ko! Ido da baki da aljihu duk ka zuba su a abu ɗaya mai batir.

Injiniya: Sai ya riƙe fawa bank. Amma Auta, duba jikinsa akwai tambarin CCC, shaidar ingancin kaya ta ƙasar Sin. Tun Yunin 2025 ba a barin wanda ba shi da shi a jiragen cikin gida na Sin, in za ka wuce garin Yiwu ta sama a filin jirgi za ka bar shi.

Malam Mai Bita: Ka kuma kula da alƙibla. Mu nan mun saba gabas ce, har kalmar ta zama ɗaya a bakinmu. A Guangzhou yamma za ka fuskanta, ka ɗan karkata arewa.

Auta: To Baba, na ji. Zan sauke Amap, zan ɗauki katin otal uku irin na Umma. Taswirarka ma zan sa a jaka, amma don alamomin biron.

Alhaji Mai Shadda: Ka dawo min da abata yadda na ba ka. Inda na zagaye da ja, can ake Juma'a, wajen kabarin Sa'adu bin Abi Waƙƙas.

Malam Mai Bita: Kabarin da ake dangantawa da shi dai, Alhaji. Malaman tarihi sun ce a Baƙi'a aka binne Sa'adu, a Madina.

Alhaji Mai Shadda: Malam, da idona na ga kabarin nan.

Malam Mai Bita: Bari in yi sallar isha'i in dawo, wannan ba ta tsaye ba ce.