Wane abin taɓawa ne zai jure zafin bazara a wajen walima?

Uwar Yara, Garwa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka saba da hidimar taro. A watan Afrilu za mu yi walimar saukar Alƙur'ani ta ɗanmu, kuma muna sa ran baƙi za su kai sittin, maza a ƙofar gida ƙarƙashin rumfa, mata kuma a tsakar gida. Ba na son in shiga dafa shinkafa da miya, domin faranti da cokula ba za su isa ba, masu taya ni aiki kuma ba su da yawa. Abin da nake so shi ne abin taɓawa wanda baƙo zai ɗauka da hannu ya ci yana zaune a kan tabarma. Damuwata ita ce zafi, tun da a wannan wata yakan haura digiri 40 a nan, ga wutar lantarki ba ta da tabbas balle in dogara da firji. Na yi tunanin yin samosa da burodi mai kifin gwangwani da mayonis. Shin hakan ya dace?

Hajiya, Marwa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sanya wa karatun albarka. Burodin nan mai mayonis ki cire shi daga lissafi tun yanzu, domin kafin baƙi su gama gaisawa zai narke ya jiƙe, ba wanda zai so ya kai shi baki.

Ki raba aikinki gida biyu. Na farko shi ne busasshen kaya da za ki gama kwana biyu ko uku kafin ranar: cincin, dublan, alkaki, soyayyar gyaɗa da dabino. Waɗannan ba ruwansu da firji, in dai kin bari sun huce sarai kafin ki rufe su a mazubi; idan kika rufe su da ɗuminsu, gumi zai sauko musu su yi laushi. Dambun nama ma yana cikin wannan rukuni.

Na biyu shi ne abin da za a soya a gaban jama'a, wato masa da ƙosai. Ba sai kin tsaya a kan wuta da kanki ba. Ki yi magana da mai tuyar masa ta unguwarku ta zo da tandarta ta zauna a inuwa. Abin da mutane ke mantawa da shi shi ne ƙullu ba ya jira a bazara. Ƙullun da yake kwana kafin ya tashi a lokacin hunturu, yanzu idan an niƙa shi da hantsi aka sa yis, kafin azahar ya kumburo, idan kuma aka bar shi ya wuce haka zai yi tsamin da sukari ba zai gyara ba. Shi kuwa waken ƙosai, a surfa shi a wanke da wuri, amma kada a kai shi niƙa sai dab da lokacin suya, sannan a buga shi sosai har ya yi haske, shi ne zai tashi a cikin mai. A ba da masar da yaji ko zuma, a bar miya gefe, tun da ba a son cokali.

Mai Tukuba, Njamena:

Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai ban goyi bayan dambun nama ba ga wadda ta ce ba ta da mataimaka. Aiki ne na yini guda: a dafa, a daka, a soya ana juyawa har ruwan ya ƙare tas, kuma in aka rage masa danshi kaɗan zai yi fumfuna. Gara ta ba da aikin kilishi tun mako guda kafin walimar. Bazara ce lokacinsa, domin rana tana busar da shimfiɗaɗɗen nama da sauri, sannan a tsoma shi cikin labu, wato kwaɓin ƙuli-ƙuli da kayan yaji, a sake shanyawa, a gasa. Yana da tsada saboda naman yana raguwa ƙwarai idan ya bushe, amma in aka yayyanka shi ƙanana yana auki fiye da yadda ake zato.

Idan tsire take so, mai tsiren ya kafa wutarsa a ƙofar gida ya riƙa miƙawa da zafinsa. Kada a yarda a gasa tun da rana a ƙunshe cikin leda. Albasa da tumatir kuma a yanka su daban, a zuba a lokacin ci.

Ma'aikaciyar Jinya, Ngaundere:

Yaya, ni ta fuskar lafiya zan yi magana. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a cikin abinci tsakanin digiri 5 da digiri 60, shi ya sa ƙa'idar da ake koyarwa ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a waje, idan kuma zafin wurin ya haura digiri 32, awa 1 kawai. A Garwa cikin Afrilu ƙa'ida ta biyu ce ta shafe ki. Saboda haka samosar da kika ambata za ta yiwu, da sharaɗin a naɗe ta a soya nan take, kada a bar ta da niƙaƙƙen nama a ciki tun safe. A riƙa fitar da abinci kaɗan-kaɗan a ƙananan tire, in ya ƙare a ƙaro.

Mangwaro da kankana suna wadace a wannan lokaci, kuma sun fi komai daɗi a zafi, amma a wanke bayansu kafin a sa wuƙa, a yanka a ƙarshe, a rufe saboda ƙuda. Wajen abin sha zoɓo da lemon citta sun fi kunun aya juriya, domin shi kunun aya sa'o'i kaɗan yake yi ya lalace idan babu sanyi. Ƙanƙarar da aka sayo a kasuwa, wadda ba a san da wane ruwa aka yi ta ba, kada a jefa ta cikin abin sha. A ɗura zoɓon a gorori, a jera su cikin kula, a zuba ƙanƙarar a kewaye. Tun da hannu za a ci komai, a ajiye buta da sabulu a bakin kowace rumfa, a sa yaro ya riƙa zuba wa baƙi ruwa, maimakon kowa ya tsoma hannu a kwano ɗaya.

Uwar Yara, Garwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tsayar da cincin, alkaki, kilishi, masa, kankana da zoɓo, kuma za mu fara bayan la'asar. Hajiya, shin mai tuya ɗaya za ta iya da mutum sittin?

Hajiya, Marwa:

Za ta iya idan ta zo da tanda biyu da yarinyar da za ta riƙa juya mata. Ta fara tuya ana kiran sallar la'asar, a fara kai wa ɓangaren maza, domin su ne ke saurin tashi kafin magariba.