Miƙa aiki tsakanin masu dare da masu safe a gidajen kula da tsofaffi

Maman Hanan, Jidda: Assalamu alaikum 'yan uwa masu aikin kula da tsofaffi a nan Saudiyya. Mu tattara abubuwan da ke salwanta wajen miƙa aiki. Galibi mai yi wa tsohuwa wanka ce ke fara ganin matsala, amma maganarta ba ta kaiwa ga nas.

Hajiya Talatu, Makka: Wa alaikumus salam. Gyambon kwanciya ne kan gaba. Wanda ba ya iya motsi a juya shi duk awa 2, a rubuta lokacin da gefen da aka kwantar da shi. A baƙar fata ja ba ya bayyana sosai, shi ya sa ake makara. A duba tsatso, kwatangwalo da diddige, a nemi wurin da ya ƙara duhu, ko ya yi ɗumi ko tauri in an taɓa. Kada a murza da mai. A sa filo ƙarƙashin sha-raɓa don diddige ya bar katifa, a sanar da nas nan take.

Malam Sani, Madina: Gaskiya ne, Hajiya. Ga kuma batun harshe: nas 'yar Filifin, likita Bamisire, kowa da irin Larabcinsa. Duk umarnin da aka ba ka da baki, maimaita shi a gaban mai bayarwa. Miƙa aiki kuma a bakin gado ake yi: me ya canja, me aka yi, me ya rage.

Yaya Binta, Makka: Da azumi, a faɗi wanda ya ɗauka cikin masu ciwon suga. In awon suga ya sauka ƙasa da 70 sai ya karya azumin. Idan yana farke yana iya haɗiya, a ba shi rabin kofin lemo mai zaƙi, a sake awo bayan minti 15.

Malam Sani: Wanda ya faɗi kuma kada a yi gaggawar ɗaga shi. In ya bugu a kai yana shan maganin tsinka jini irin su warfarin, a kira 997, lambar motar asibiti ta gaggawa, ko da ya ce lafiya lau, don jini na iya taruwa cikin kai a hankali. A rubuta rahoto. Abin da ke damuna, inda ake zaftare albashi kan kuskure ma'aikata ɓoyewa suke yi, sai masu safe su ga tsoho yana ta barci su ɗauka gajiya ce.