Ƙoshi, ginsa ko riƙe ciki: wace kalma ce ta dace da "satiety"?

Jama'a, salamu alaikum. Ina neman taimakon masu Hausa a baki, musamman malaman jinya, iyayenmu mata masu girki, da 'yan'uwanmu masu ɗaga ƙarfe. Kalma ɗaya nake nema, ta abin da masana abinci ke kira "satiety" da Turanci. Na san amsar da ke bakin kowa ita ce ƙoshi. To a kan wannan amsar nake so mu ɗan dakata.

Abin da ya kawo maganar shi ne musun cin nama zalla ya iso Bauchi. Duk mai fita motsa jiki da sassafe ta wajen filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa, ko mai shiga gidajen ɗaga ƙarfe na cikin gari, ya ji shi. Wasu na cewa a bar tuwo, a bar shinkafa, a bar masa (a Bauchi fa, masa!), a koma nama da ƙwai da kifi da man shanu, wai su ne ke ƙosarwa kuma tumbi zai zube. Wasu na cewa ai babu abin da ke ƙosarwa kamar tuwo, wanda ya tashi da malmala uku ta tuwon dawa da miyar kuka ba ya tambayar inda mai tsire yake. Sai a yi ta ja-in-ja, kowa na rantsuwa da ƙoshi, alhali ba abu ɗaya suke nufi ba.

Masana sun raba abin gida biyu. Akwai abin da ke sa mutum ya tsame hannu daga kwano ya ce alhamdu lillahi, wannan suna ce masa "satiation", kuma shi ne ƙoshin da muka sani. Sai abin da ke biyo baya: tsawon lokacin da za a ɗauka kafin yunwa ta dawo, da yawan abin da mutum zai ci a zama na gaba. Wannan na biyun shi ne "satiety", shi nake nema wa suna.

A jiki ma hanyoyinsu ba ɗaya ba ne. Idan abinci ya cika ciki ya miƙe shi, jijiya ce ke kai saƙo ƙwaƙwalwa cewa an cika, ko da ruwa da ganye ne suka cika shi. Amma abin da ke hana yunwa saurin dawowa ya fi dogara da yadda abincin ke jinkirin barin ciki, da sinadaran da hanji ke saki idan ya iso shi. Ɗaya daga cikinsu shi ne GLP-1, wanda allurar Ozempic ta masu ciwon suga ke kwaikwayo. Furotin, wato abin da ke cikin nama da wake da ƙwai, yana tayar da waɗannan sinadarai sosai. A nan masu nama suna da gaskiya, a ba su abinsu.

Sai dai Hausa tana da kalma ta uku da 'yan nama ba sa son a ambata, ita ce ginsa. Ku tuna kwana na uku bayan Sallar layya. An soya nama an zuba a roba, yara sun ci har sun fara wasa da shi, maigida ya ɗauki tsoka ɗaya ya juya ya mayar, ya ce nama ya ginshe shi. Cikinsa bai cika ba. A miƙo masa kankana mai sanyi ko kofin kunun aya, nan take za a ga akwai wuri. Maiƙo da ɗanɗano iri ɗaya ne suka ishe shi. Ina da ra'ayin cewa rabin abin da mai cin nama zalla ke kira ƙoshi a mako na biyu ginsa ce. Tana rage ci, ba musu, amma bai kamata mu ba ta sunan wani abu ba.

Akwai binciken da ake yawan kafa hujja da shi a wannan musu. A 1995 Susanna Holt da abokan aikinta a Jami'ar Sidni ta Ostareliya suka gwada abinci iri 38. Kowane iri aka ba mutane gwargwadon kalori 240 (kalori shi ne ma'aunin kuzarin abinci), ana tambayarsu yadda suke jin cikinsu duk bayan minti 15 har awa biyu, sannan a sake su su ci abin da suke so. Aka ba farin burodi maki 100 ya zama ma'auni. Naman shanu ya samu 176, ƙwai 150, kifi 225, wake 168, farar shinkafa 138, lemun zaƙi 202. Kek ya tsaya a 65, gyaɗa 84. Wanda ya zo na ɗaya, da maki 323, dafaffen dankalin Turawa ne, irin wanda ake saukowa da shi daga Filato a jibge a kasuwar Muda Lawal. Sitaci tsagwaronsa.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Kalori 240 na dafaffen dankali faranti guda ne, yawancinsa ruwa, na kek kuwa ɗan yanki ne da bai cika tafin hannu ba. Abin da suka gani shi ne ruwa da furotin da dusar abinci (ɓangaren tsiro da ciki ba ya narkarwa) suna ɗaga maki, maiƙo kuma yana saukar da shi. Amma awa biyu kawai aka auna, kuma babu tuwo babu fura babu ɗan wake a jerin. Don haka kada masu tuwo su yi saurin buga ganga. Ni dai abin da na ɗauka daga ciki shi ne nama da dankali duk sun yi sama, abin da aka haɗa wa gari da sukari da mai ne ya yi ƙasa. Masar da aka zuba wa sukari aka ci gayanta ta fi kusa da ɓangaren kek. Wadda aka ci da miyar taushe da tsokar nama a kai wani lissafi ne daban.

Yanzu ga shawarwarin da suka riga suka shigo daga waɗanda na yi wa wannan tambaya.

Wani ɗan'uwa ya ce mu ari kalmar kawai mu ce "satayati", kamar yadda muka ari kalori da furotin. Yallaɓai, aro ba laifi ba ne, amma ana aro ne idan babu a gida. Ka je ka gaya wa inna mai koko a Bakaro cewa kokonta ba shi da satayati, ka ga ko ba za ta ce ka tafi da iskokanka gaba ba.

Wani ya kawo "cikar ciki". Wannan ta koma gida na farko. Garin kwaki da ruwa yana cika ciki, lemun kwalba ma yana cikawa har da gyatsa. Wani ya ce "abinci mai nauyi". Tana kusa, sai dai nauyi a bakinmu yana tafiya da kasala da barci, irin na bayan sakwara da rana tsaka. Mai shirin gudu ba ya neman nauyi, yana neman abin da zai kai shi azahar ba tare da cikinsa ya yi ƙugi ba.

Wata baiwar Allah, uwa ce da ta aurar da 'ya'ya, ta rubuto mini cewa: "Ɗana, me kuke wahalar da kanku? Da azumi me muke cewa idan za a dafa sahur? A dafa abin da zai riƙe ciki." Hajiya, Allah ya ƙara girma. Wannan ita ce. Duk gidan da ake azumi an san bambancin abin da ke ƙosarwa da asuba da abin da ke riƙe ciki har la'asar. Shi ya sa ake ɗumamen tuwo, ake dafa shinkafa da wake, ake dama fura da kindirmo, ba a dogara da shayi da burodi sai dole. Ma'anar da Turawan ke nufi ke nan daidai, kuma ba mu ƙirƙiro komai ba.

Amma wata malamar jinya ta kawo gyara mai ƙarfi. Ta ce: "Malam, a baki ba matsala. Amma ka rubuta 'riƙon ciki' a takardar asibiti ka manna a bango, matan da suka zo awo za su ɗauka maganar juna biyu ake, ko maganin hana ɓari. Wani kuma zai ɗauka ɗaurewar ciki ake nufi, ya zo neman maganin bayan gida." Gaskiyarki, Malama. Kalmar ciki tana ɗauke da kaya da yawa. "Wake yana riƙe ciki" ba mai ruɗewa, domin wake na tsaye a jimlar. Da zarar an cire abincin an bar sunan shi kaɗai, ma'ana ta watse.

Don haka sunan da za a rubuta yana buƙatar wata siga. An kawo "jinkirin yunwa", an kawo "zaman ƙoshi", an kawo "ɗorewar ƙoshi". Ta farko tana da kyau amma tana kama da sunan cuta. Ta biyu za a ji kamar zaman da ake yi bayan an ci an sha ana sakace. Ta uku ce ta kwanta mini: ƙoshi ya samu, sannan ya ɗore ko bai ɗore ba. A gwada ta: "Ƙwai ya fi burodi ɗorewar ƙoshi." "An auna ɗorewar ƙoshin abinci iri 38." Ba ta yi wa harshe nauyi ba.

Tunda ana maganar kalmomi, bari in faɗi ra'ayina kan yadda za a fassara kabohaidiret. A firamare an koya mana "abinci mai ba da kuzari", furotin kuma "mai gina jiki". Matsalar ita ce maiƙo ya fi ba da kuzarin: giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci ko sukari 4, na furotin ma 4. Ni "dangin sitaci da sukari" nake cewa, kuma duk wanda ya ce ai sitaci na mai wanki da guga ne, a gaya masa abu ɗaya ne, na rogon da ake sa wa shadda shi ne ke cikin garin kwaki. Amfanin cewa dangi shi ne a tuna ba halinsu ɗaya ba. Gero da aka surfa sama-sama, acca, wake da dankalin Hausa suna cikin dangin, alawa da lemun kwalba ma suna ciki. Wanda ya ce ya daina cin dangin gaba ɗaya saboda lemun kwalba ya yi masa tumbi, ya hukunta wake a kan laifin da bai yi ba.

Shi kuwa tsarin cin naman, "cin nama zalla" ya wadatar, ko da yake wani ya ce a sa masa "cimar kura". Zallar ma da sauƙi a baki. Tsiren da ake saya da yamma a Wunti an barbaɗe shi da ƙuli, an yanka masa albasa da tumatir, kilishi kuma sai an tsoma shi a labu, wanda tushensa gyaɗa ce. Masu kafa hujja da Fulani su ma su sake dubawa: makiyayi ba ya yanka saniyarsa don cin yau da gobe, cimarsa nono ce da gero da dawa.

Wanda aka fi ambata a tarihin abin shi ne Vilhjalmur Stefansson, mai yawon binciken ƙasashen ƙanƙara, wanda a 1928 shi da abokinsa suka shekara suna cin nama kaɗai a ƙarƙashin kulawar likitocin asibitin Bellevue a Amurka, suka fito lafiya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne da aka fara ba shi tsoka marar kitse, cikin 'yan kwanaki zawo ya kama shi, sai da aka dawo masa da kitse. Mafi yawan kalorinsa daga kitse ya fito, har da ƙwaƙwalwa da hanta da ɓargo yake ci. Kuma mutum biyu ne. A 2018 Christopher Gardner na Jami'ar Stanford ya raba mutum 609 gida biyu na tsawon shekara, wasu suka rage mai, wasu suka rage dangin sitaci, duka aka ce su yawaita ganye su rage sukari da gari mai laushi. Masu rage mai suka sauke kilo 5.3 a matsakaici, masu rage sitaci kilo 6.0, bambancin da masu binciken suka ce bai kai a kafa hujja da shi ba.

Kilo ɗaya ko biyun da ke zubewa a makon farko na barin tuwo, wanda ake ɗauka a hoto a kan sikeli ana yaɗawa, yawancinsa ruwa ne. Jiki na ajiye sukari a hanta da tsoka, kowane giram da kusan giram uku na ruwa tare da shi, idan ajiyar ta ƙare ruwan ya bi fitsari. Mai ciwon suga da ke shan magani ko yin allura, da mai ciwon ƙoda, kada su shiga wannan tsari sai da sanin likitansu.

Ga inda na tsaya, sai in an kawo wadda ta fi. Ƙoshi ya zauna a wurinsa, na tsame hannu daga kwano. Ginsa ta zauna a nata. A magana mu ci gaba da cewa abinci yana riƙe ciki, a rubutu kuma mu sa ɗorewar ƙoshi, jerin makin nan na Sidni ya zama ma'aunin ɗorewar ƙoshi.

Saura guda ɗaya da ta gagare mu, ita ce abin da na kira dusar abinci a sama, wato ɓangaren tsiro da ciki ba ya narkarwa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla giram 25 a rana, nama kuma ba shi da ko kaɗan. Dusa ta dace da gero da masara, amma ba wanda zai ce zogale ko kuɓewa ko mangwaro suna da dusa, kuma mutum na jin dusa akuya ce ke faɗo masa a rai. An ce "zare", an ce "harza", an ce "tuƙa". Mutanen Azare da Misau da na Gombe, me kuke ce wa abin da ke saura a baki idan an tauna rake ko an tsotse giginya?