Ƙas-ƙas a tayar gaba: wa ya taɓa canja aks a motar dabal, mai ja da tayoyi huɗu?

Mai Prado, Rusaifa (Makka):
Salamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Prado 120 gare ni, kwanan nan duk sanda na karya sitiyari har ƙarshe zan yi kwana, musamman in na ɗan taka mai, sai inji ƙas-ƙas-ƙas daga tayar gaba ta dama, amma in hanya ta miƙe tsit kake ji ko a titin Jidda da gudu. Na leƙa ƙasa naga baƙin giris ya fantsama cikin wili. Naje warsha, wato gareji, wani yace aks ne, wato shaf ɗin gaba, a cire shi gaba ɗaya a yar, wani kuma yace roba kawai za a canja a cika giris. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan ya faɗa mana yadda ya ƙare, don kuɗin na wakala, wato dilan kamfanin motar, ba wasa bane.

Bakanike, Sana'iyyar Jidda:
Wa alaikumus salam Alhaji. Tunda har ya fara magana, zancen roba kaɗai ya wuce. A cikin kan aks na waje akwai ƙwallayen ƙarfe shida cikin keji, kowanne da hanyar da yake bi, su ne suke barin taya ta juya hagu da dama alhali ƙarfin inji yana zuwa mata. Robar nan ita ce ke riƙe giris ta kuma hana ƙasa shiga. Da ta yage giris ya fice, yashi ya shiga ya cakuɗe da ɗan abin da ya rage, sai ya dinga cin ƙarfen har hanyar ƙwallayen tayi rami, ƙarar da kake ji ƙwallon ne yake faɗawa ramin yana fitowa. Sabon giris zai rufe masa baki na ɗan lokaci ne kawai, ramin yana nan. Kuma a bambanta, ƙara a kwana na waje ne, shi na ciki wanda ke jikin difirans, akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin biyu, ba ya ƙas-ƙas, rawa yake sa mota in ka taka mai, ka ɗaga ƙafa rawar ta tsaya.

Hajiya mai Fortuner, Madina:
Ni dai abin da zance a tabbatar tukuna. Tawa gurnani take yi wuuu, yana ƙaruwa da gudu, in na ɗan karkata hagu ya ƙaru in na koma dama ya ragu, har an rubuta min aks, ƙanina yasa aka ɗaga motar aka juya tayar da hannu ashe boris ne. Aks ɗin lafiyarsa ƙalau har yau shi nake hawa. Amma kai Alhaji tunda kaga giris da idonka naka daban ne.

Ɗan kashta, Riyad:
Mu 'yan kashta, masu fita yawon sahara, namu ba ya jiran ya tsufa wlh, karyewa yake lokaci guda. A Sumama, yashin da ke wajen Riyad, a gabana wani abokinmu mai Prado irin taka, ya ɗaga ta sama yasa manyan tayoyi, yana hawan tudun yashi tayar gaba ta tashi sama tana wulwulawa a iska shi kuma ƙafarsa na kan mai, da ta dawo ta kama ƙasa sai muka ji ɗas, shikenan keji ya tarwatse. Haka ma wanda ya kafe ya murɗa sitiyari ƙarshe yasa ribas ya danna mai da ƙarfi, nan ne aks yafi rauni don ya lanƙwashe iya lanƙwasawarsa. Shi yasa tun a bakin yashi muke sauke iskar taya zuwa wajen PSI 15, mota ta dinga tafiya a sama ba sai an tilasta mata ba.

Ɗagawar ma kanta matsala ce. Motar da gabanta kowace taya zaman kanta take, irin Prado da FJ da Hilux na yanzu, in ka ɗaga difirans yana nan manne da shasi, tayoyi ne suka yi ƙasa, kaga aks ya zauna a karkace kullum, ninkin robar yana gogar juna har ya huje. In an wuce inci 2 sai a nemi abin da ake sauko da difirans ɗin ƙasa kaɗan, in ba haka ba kai da canjin roba kun ƙulla abota.

Yadda muka fito da motar abokin namu, don zai yi wa wani amfani: Prado 120 dabal ɗinta kullum a kunne yake, in aks ɗaya ya karye duk ƙarfin can yake zurarewa mota taƙi motsi. Muka cire sandar da ta karye, amma muka bar kan na waje a cikin hob, wato cibiyar taya, da notinsa a ɗaure tam, don shi ke riƙe boris, ka cire shi taya na iya barinka a hanya. Guntun na ciki ma muka barshi a difirans kar mai ya zube. Muka kwance kardan na gaba, wato sandar da ke kai ƙarfi daga giya zuwa difirans na gaba, aka kulle difirans na tsakiya, ta taho da tayoyin baya a hankali har kwalta, daga nan sadaha, motar da ke ɗaukar mota a bayanta, ta ɗauke ta.

Direban gona, Gadarif (Sudan):
Salam 'yan uwa na Saudiyya, ku yashi ne ke damunku mu laka ce. Duk wanda ya san Gadarif da kharif, wato damina, ya san baƙar ƙasar nan, in ruwa ya sauka tana kama taya ta cika wili ta bushe kamar siminti. Ni Land Cruiser 79 nake ja tsakanin gonakin riɗi da dawa, ita ba roba gare ta ba, kan aks ɗin yana zaune cikin ƙwallon ƙarfe a ƙarshen aksil, haka Land Cruiser 80 da 105 da Patrol Y61. Mutane suna ɗauka wannan ba ya mutuwa, yana mutuwa, sai dai ta wata ƙofa. Akwai sil a ciki da ya raba man difirans da giris, in ya saki mai ya gangaro ya narkar da giris ɗin ya zama ruwa-ruwa yana tsiyaya ta bayan ƙwallon, laka ta manne a wajen, in an ratsa khor, wato rafi, ruwa ma ya shiga. Da kaga bayan tayar gaba ya jiƙe yayi baƙi ka san lokaci yayi.

Aikin ba wuya sai ƙazanta da cin lokaci. Soket 54 na notin hob, tsumma mai yawa, a wanke komai da gas, a canja sil na ciki da na goge ƙwallo, a duba boris biyun sama da ƙasa da sitiyari ke juyawa a kansu, ƴan siraran faranta da ke ƙarƙashin murfinsu kuma kowanne ya koma inda aka ciro shi kar a haɗa na sama da na ƙasa. Giris baƙi mai moli ake sawa ba irin na boris ba, a cika ramin kamar kashi uku cikin huɗu a bar masa wajen numfashi. Tun da yaƙi ya tashi a Afrilun 2023 kaya suka yi wuya, mai kyau sai an aiko daga Jidda ta jirgin ruwan Sawakin, saboda haka mu bama yar da komai. Akwai dabarar da masu 80 suke yi, in ya fara ƙara a fidda kan dama a mayar hagu na hagu ya dawo dama, ƙwallayen su koma cin ɗaya gefen da bai lalace ba, yana ƙara masa kwana.

Kawu, tsohon direba, Ɗa'if:
Ƴaƴana duk kun tafi kan aks kun manta kardan na gaba da salibarsa, wadda mutanen gida ke ce wa kuros. Ita ba ta ƙas-ƙas, in ka saka giya kaji ƙwal a ƙarƙashin ƙafarka, ko wani tsiii-tsiii in ana tafiya a hankali, ko rawar da ke zuwa a wani gudu ta ɓace a wani. Ku shiga ƙasa ku kama shi ku girgiza, in kun ga jan gari irin na tsatsa a bakin kofin to alluran ciki sun bushe sun niƙe. Tana da bakin ɗura giris amma masu canjin mai basa kulawa sai ka tsaya a kansu, a ɗura har sabo ya leƙo ta kofuna huɗun. Wajen da kardan ke zamewa ciki da waje kuwa kaɗan ake sawa, in aka cika shi ya ƙi matsewa sai ya dinga tura boris na giyar dabal.

Abu na biyu, masu shas, wato Land Cruiser a-kori-kura, da Hilux, in ruwa ya sauka a hanyar Hada, ta kan dutse tsakanin Ɗa'if da Makka, sai yaro ya saka dabal a kan kwalta wai don santsi, ya manta da shi har hanya ta bushe. Motocin nan basu da difirans na tsakiya, gaba da baya a ɗaure suke, a kwana tayoyin gaba sun fi na baya tafiya, in ƙasa bata bari taya ta zame ba ƙarfen ne zai murɗe, saliba ko aks ɗaya zai biya. Amma kuma kar a bar shi shekara ba a taɓa ba, littafin Toyota cewa yayi a yi kamar kilomita 16 duk wata da gaban a haɗe don mai ya zaga, a yi shi a kan ƙasa.

Mai Prado, Rusaifa (Makka):
Allah ya saka da alheri, Kawu mun gode. To yanzu Malam bakanike tijari, wato sabo wanda ba na kamfanin motar ba, zan saya ko in nufi tashlih, inda ake farke tsofaffin motoci, in nemo na asali? Kuma dole ne sai na canja duka biyun?

Ɗan kashta, Riyad:
Yaya ni dai na tashlih na asali ya fiye min sabon tijari mai arha. Wanda na taɓa sawa robarsa bata ga ƙarshen zafin shekara ɗaya ba ta tsattsage, ga rawa in na taka mai. Yanzu in na samo na asali sai in sa masa sabuwar robar wakala, ɗaya kuma kullum yana bayan mota da soket ɗinsa.

Direban gona, Gadarif (Sudan):
Ku da kuke da zaɓi kenan. Tijari ma hawa-hawa ne ɗan uwa, akwai na Japan mai kyau, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Bakanike, Sana'iyyar Jidda:
Duk su biyun suna da gaskiya Alhaji, ya danganta da inda motar ke zuwa. In Makka da Jidda ne sai kashta jefi-jefi, kan aks na waje mai kyau ya isheka ba sai ka sayi sandar duka ba, in dai na cikin bai yi wasa ba. In tashlih zaka, ka riƙe sandar da hannu ɗaya ka murɗa kan da ɗaya, in kaji ya motsa kafin sandar ta bi shi ajiye musu abinsu, wanda robarsa ta yage ma kar ka kalle shi komai arharsa. Ka tafi da lambar shasi, kuma a ƙirga haƙoran sabon da na tsohon kafin a biya, don akwai masu kama da juna da ba sa shiga. Na hagu ba dole bane, a ɗaga mota a karya sitiyari a buɗe ninkin robar da yatsa, in ta fara tsagewa a canja roba da giris tun bai fara ƙara ba. Wajen ɗaurawa ka tsaya a kai: sil na difirans a sa sabo tunda an zare sandar, a cika man da ya zube, zoben da ke ɗaure roba na ƙarfe ne ba na leda ba, babban notin nan na soket 35 kuma da sifana mai awo ake ɗaure shi a Nm 235, ba da bindigar iska ba, sannan a sa sabon fin. In an taɓa kardan a sa alama da fenti kafin a kwance don ya koma yadda yake, in ba haka ba zaka dawo kana cewa mota na rawa a 80.